Gandar da Ba a Ci a Gida

A gidan Alhaji Muntari ba a cin ganda. Daga bakin titin Panshekara har bayan kamfanonin Challawa, kowa ya san daga gidan take fita buhu-buhu zuwa wajen masu sayar da abinci a ƙofar kamfanoni, amma ko yaro aka kama da guntu a baki sai ya sha mari. Alhaji ya ce tsarin kasuwanci ne, ba a cin jari. Mutumin da ke shigo wa 'ya'yansa da tsire duk yamma, shi ne wai guntun ganda zai karya. Kowa ya ji ya yi shiru, tunda shi ke sauke buhun shinkafa a gidan.

Fatar ba daga mayanka take zuwa ba. Gefe-gefen da kamfanonin jima suka yanke suka zubar ne, wasu sun riga sun sha magani har sun yi shuɗi-shuɗi. Alhaji ya san direbobin da ke kwashe sharar, su ma sun san ƙofar gidansa. A can ƙuryar gidan, inda da ake ɗaure awaki, akwai duro uku. A ciki ake jiƙa fatar da soda da ruwan bilic har shuɗin ya saki, a kankare ta, a dafa ta kumbura, ta fito tas kamar ta Allah da Annabi.

Wannan aikin na Aina'u ne, matar marigayi Usaini, ƙanen Alhaji. Da ta fita takaba aka zaunar da ita cikin mutunci aka ba ta zaɓi: ko ta koma ƙauyensu a Jigawa ita kaɗai, don 'ya ta dangin uba ce, ko ta zauna ta riƙa ɗan taimakawa. Ta dubi 'yarta tilo, Sa'adiya, wadda ta shiga aji ɗaya a sakandare, ta ce za ta taimaka.

Ba a auna sodar da gwangwani. Hajiya Babba, mahaifiyar su Alhaji, ita ta koya mata yadda ake yi. A zuba, a juya da sanda, a tsoma hannu a murza yatsu; in an ji santsi irin na miyar kuɓewa, to ya yi. In bai yi ba a ƙara, a sake tsomawa. Haka wajen kankara, da farce da tafin hannu ake laluben inda maganin bai gama saki ba. Hajiya tana alfahari da wannan ilimi nata, duk da rabonta da taɓa ruwan tun ranar da ta koyar.

Faccalar Aina'u, Mas'uda, matar autansu Musbahu, tana digiri na biyu a fannin nazarin halittu. Alhaji ne ya amince ta ci gaba da karatun, kuma ba ya bari a manta da hakan. Aikinta a kan tarwaɗa ne. Takan ɗebo ruwa daga kwatoci uku da ke fitowa daga kamfanoni suna gangarawa kogin Challawa, ta sirka shi, ta zuba a tankunan gilashi a ɗakin gwaji, ta saka kifaye ta zauna tana kallo. Malamarta, Dakta Hannatu, mutuniyar Kafanchan, mace ce marar son gajerar hanya. Kullum maganarta ɗaya: kada ki yanka kifi ki dubi hanta ki ce kin gama. Ki dubi kifin duka. Yadda yake numfashi, yadda yake iyo, yaushe ya daina cin abinci, me fatarsa ta yi, sannan ki shiga jini da hanta da ƙoda, don jikin halitta ba ya lalacewa gefe guda.

Wannan tarbiyyar ce ta hana Mas'uda zaman lafiya a gida. Idon da aka koya wa lura ba ya ajiye aikinsa a ƙofar makaranta.

Abu na farko da ta gani, Aina'u ta koma cin tuwo da cokali. Yara suka yi ta dariya, wai Anti Aina'u ta zama 'yar gayu. Mas'uda ta kama hannun Aina'u ta juya. Tafin ya yi fari ya tsattsage, farata biyu sun ɗaga, kuma a bayan yatsu akwai wasu ƙananan ramuka zagayayyu, kamar an huda da ƙusa. Aina'u ta ce abin mamaki ramukan ba sa zafi sosai, tsagar ce ke hana ta sakat. Ta ma aika an tambayo liman ko za ta iya taimama, don ruwan alwala kamar barkono take jin sa.

Mas'uda ta gaya mata santsin nan da take ji ba na ruwa ba ne, fatar hannunta ce sodar ke narkarwa. Aina'u ta yi ɗan murmushi ta janye hannunta, ta ce ai ta daɗe da zargin haka.

Washegari Mas'uda ta zo da safar hannu mai kauri, irin ta roba mai kaiwa gwiwar hannu. Kwana kaɗan aka yi da ita. Da safar ba a jin santsi, sodar ta yi yawa, duro guda ya narke ya koma kamar kunu. Hajiya Babba ta tsaya a tsakar gida tana tafa hannu, tana cewa boko ya shigo ya ɓata sana'a. Alhaji bai yi faɗa ba, shi ba mai ɗaga murya ba ne. Ya ɗauki safar ya jefa a but ɗin motarsa, ya ce za ta yi amfani wajen canjin taya.

Daga hannu abin ya hau hanci. Duk ranar dafuwa, in tururin ya turnuƙe ƙuryar, Aina'u takan fito da haɓo. Sai tari. Sai abinci ya fita ranta, ta riƙa tura wa Sa'adiya kwanonta tana cewa ta ƙoshi. Hajiya ta ce zafi ne, a jiƙa mata tsamiya. Matar Alhaji ta ce ita dai ba ta son warin ya riƙa shigo mata ɗaki, aka sa labulen buhu aka kare ƙuryar, iskar da ke ɗan shiga ma ta daina.

Wata safiya Mas'uda za ta fita, ta ga Aina'u tana tuttular da ruwan duro a kwatar gida, ruwan yana wani rawaya-rawaya. Ba ta yi shawara da kowa ba. Ta ciro kwalbar ɗibar samfur daga jakarta ta cika.

A ɗakin gwaji ta sirka shi daidai yadda take sirka na kamfanoni, ta zuba a tanki na huɗu, ta saka tarwaɗa. Kifayen da ke cikin ruwan kamfani sukan ɗauki kwanaki kafin su nuna alama. Waɗannan kafin azahar sun taso sama suna haɗiyar iska, suna dukan gilashi. Kafin la'asar fatarsu ta fara saɓulewa, wani farin yauƙi yana bin jikinsu. Mas'uda ta tsaya riƙe da biro ta kasa rubuta komai, tsoro ya cika ta.

Dakta Hannatu ta shigo ta leƙa, nan take ta ce a kwashe su. Ƙa'idar jami'a ce, kuma da ita aka ba Mas'uda izinin aikin: duk kifin da fatarsa ta fashe ko ya kasa daidaita iyo, ba a barinsa a ruwan don a ga ƙarshensa. A cire shi, a sa a ruwa mai kyau, in ba zai tashi ba a sauƙaƙa masa. Suka kwashe su tare. Da sakamakon awon ruwan ya fito, sinadarin jima da ke ciki ya koma nau'in da ya fi cutarwa, kuma Dakta ta ce da alama wani ne ya haɗa shi da bilic. Ta cire tabarau ta dubi ɗalibarta.

"Wannan wane kamfani ne? Ya fi sauran ukun muni nesa ba kusa ba."

Mas'uda ta ce wata ƙaramar kwata ce a cikin unguwa, za ta koma ta tabbatar da inda ta fito. Dakta ta ce ta yi sauri, wannan shi ne zuciyar kundinta, kuma in akwai mutane kusa da wurin dole a sanar da hukuma.

Mas'uda mijinta ta fara samu. Musbahu sito yake riƙe da shi a wani kamfanin roba a Bompai, kuma Alhaji ne ya sama masa aikin. Ya saurare ta yana danna waya, ya ce gaskiya abin ba daɗi, Allah ya ba Anti Aina'u lafiya. Da ta ce ba addu'a ta zo nema ba, so take ya yi wa yayansa magana, sai ya ajiye wayar. Ya ce shi ne ƙarami, bai taɓa ɗaga ido ya kalli Yaya ba, ba kuma a kan ganda zai fara ba. Ya roƙe ta don Allah ta bar su su zauna lafiya, saura mata ƙiris ta gama.

Ta yi ta maza ta je da kanta. Alhaji yana zaune a kan darduma a barandarsa bayan la'asar. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta faɗi abin da ta gani a tanki, ta ce ruwan yana cin Anti Aina'u, kuma masu cin gandar ma ba su tsira ba. Ya bari ta kai aya.

"To Malama Dakta, mun ji. Amma Aina'u kifi ce?"

"A'a Yaya, amma ruwan ɗaya ne. Ku dubi hannunta."

"Na gani. Birkila ma siminti na cin hannunsa, mai wanki ma haka. Wace sana'a ce ba ta da cizo? Marainiya nake riƙe da ita, da uwarta, ci da sha da makaranta. Wanda ya fi ni tausayi ya zo ya ɗauka."

Ta ce in babu komai a gandar, me ya sa ba a ci a gidan. Wannan ce kaɗai tambayar da ta sa ya daina jan carbi. Ya dube ta sosai, ya ce ya ji labarin ta ɗebi ruwan gidansa ta kai makaranta. Ya ce shi bai yi boko mai zurfi ba, amma ya san ana rubuta sunan wuri a irin wannan littafin. In sunan gidan nan ko na layin nan ya shiga takarda, to ta san ta zaɓa tsakanin takardar da ɗakinta. Aina'u kuma a ranar za ta hau mota, Sa'adiya ta zauna. Ya faɗa a hankali, kamar mai ba da sallahun cefane, sannan ya ce ta gaishe da malamarta.

A kundin, Mas'uda ta rubuta: wuri na huɗu, wata kwata a cikin unguwa, ba a gano tushenta ba. Dakta Hannatu ta ja layi a ƙarƙashin jimlar da jan biro, ta tambaye ta sau biyu. Sau biyun Mas'uda ta ce ruwan sama ya share alamar.

Damina ta yi nisa, kasuwar ganda ta buɗe, aka ƙaro duro na huɗu. Ƙafafun Aina'u suka kumbura har silifas ya daina shiga. Fuskarta takan tashi da safe, idanun su ƙanƙance. Hajiya Babba ta ce ƙiba ce, ai ga shi nan ana cewa ba a kula da ita. Da kumburin ya kai ciki sai ta canza magana, ta ce dangin Aina'u dama suna da wannan ciwon, a jininsu yake. Da aka ce babu wanda ya taɓa yi a danginsu, ta ce to hannu ne aka sa mata, a karɓo rubutu.

Ranar da Alhaji ya tafi ɗaurin aure Haɗeja, Mas'uda ta sa Aina'u a adaidaita ta kai ta asibiti. Likitan ya dubi hannun, ya danna ƙafar ya ga yatsansa ya bar rami, ya tambayi aikin da take yi. Aina'u ta ce wanki. Bayan gwaji ya ce ƙodarta ta taɓu, ko wane irin wanki ne ta bar shi daga yau, ta dawo a ci gaba da dubawa kafin abin ya kai ga wankin ƙoda.

A hanyar dawowa, daidai inda warin kamfanonin jima ke fara tarar mutum, Aina'u ta yi magana ba tare da ta juyo ba.

"Mas'uda, kifayen nan naki, in suka fara irin wannan, suna warkewa?"

"Wasu suna warkewa, Anti. In an cire su daga ruwan da wuri."

"Wa ke cire su?"

"Ni."

Aina'u ta gyaɗa kai. Da zagi ta yi, da ya fi wa Mas'uda sauƙi.

Alhaji ya dawo ya ji. Ya ce likitoci ai ba sa rasa abin faɗa, yanzu ciwon ƙoda ya cika gari, har masu zama a ofis da ba su taɓa ganin duro ba. Ya ce ba zai zama azzalumi ba, a rage mata aiki: daga yau ta riƙa yi a zaune. Aka kawo mata kujera 'yar tsugunno. Ya kuma sayo katan ɗin lemon kwalba ya aika ɗakinta, Hajiya ta bi maƙwabta tana ba da labarin kirkin ɗanta.

A zaunen ta ci gaba. Mas'uda takan dawo daga makaranta ta ajiye jaka ta karɓi wuƙar kankara, sai Aina'u ta ƙwace, ta ce hannu ɗaya ya isa asara a gidan nan, ke ki je ki yi karatunki. Sa'adiya kuwa uwar ba ta yarda ko inuwar labulen buhun ta taka. In yarinyar ta leƙo da kwanon abinci, daga nesa take ce mata ta ajiye ta koma. Wannan ne kaɗai abin da Aina'u ke ɗaga murya a kansa.

Sai ga ranar da ta sunkuya a kan duro ta kasa ɗagowa. Aka kwantar da ita. Fata ta kwana biyu a jiƙe ba mai taɓawa, masu abinci suna ta kiran wayar Alhaji. A ɗakin Hajiya aka yi ta ƙus-ƙus, Mas'uda na shiga a yi shiru. Ita kuma ranar kare kundinta ta matso, kanta ya ɗau zafi, ta ce wa ranta tana gamawa za ta mayar da Anti asibiti ko da me za a yi.

Ranar ta yi kyau. Ta tsaya gaban malamai ta nuna hotunan fatar tarwaɗa, da wurin numfashinsu da ya ƙone, da ƙodar da ta lalace. Baƙon farfesan da aka gayyato ya yaba, ya ce ga ɗaliba da ta kalli halitta gaba ɗayanta. Sannan ya koma kan wuri na huɗu. Ya tambaya ko akwai mutanen da ke mu'amala da wannan ruwan kai tsaye. Dakta Hannatu ta zuba mata ido. Mas'uda ta ce ba ta da masaniya. Aka tafa mata.

Ta dawo da yamma da ledar magani da 'ya'yan itace. Ɗakin Aina'u a buɗe yake, an naɗe katifa, an share. Sa'adiya tana zaune a bakin ƙofar da kayan makaranta a jikinta, idanunta sun yi ja. Ita ma dawowa ta yi ta tarar. Hajiya Babba ta yi bayani tun kafin a tambaye ta. Da hantsi aka sa Aina'u a mota zuwa ƙauye, can iska ta fi kyau, ga masu maganin gargajiya, ga 'yan'uwanta, ai jinya sai naka. Ta ce Alhaji har da buhun gero ya haɗa mata. Ba wanda ya faɗi dalilin da ya sa aka zaɓi safiyar da Mas'uda da Sa'adiya duk ba sa gida.

Alhaji ya fito da fara'arsa ya yi wa Mas'uda barka, ya ce gidan nan ya yi digiri na biyu, Allah ya sa albarka. Musbahu yana bayansa, kansa a kan waya. Sai Alhaji ya waiwaya wajen labulen buhu, ya ce ga kaya can suna neman lalacewa, tunda yanzu karatu ya ƙare ba ta da fita, kuma duk gidan ba wanda ya kai ta sanin kan sinadari.

"Ba zan taɓa ruwan nan ba, Yaya. Kuma kun san dalili."

Bai ɓata rai ba. Ya ce ba komai, ba a yi wa kowa dole a gidansa. Ya juya ya dubi bakin ƙofar da aka share.

"Sa'adiya ai ta girma. Hajiya, gobe ku nuna mata yadda ake jin santsin."

Hajiya ta ce dama yara sun fi saurin koyo. Musbahu ya ce bari ya je masallaci, duk da ba a kira salla ba.

A ɗakin gwajin jami'a akwai doka a kan tarwaɗa. An zauna an rubuta ta, an sa hannu, kuma akwai mai tsawatarwa in aka karya. A gidan Alhaji Muntari akwai mai salla a sahun gaba, akwai tsohuwa mai carbi, akwai miji mai sanyin hali, akwai mai digiri biyu, kuma dukansu sun ga hannun Aina'u. An cire ta daga ruwan ranar da ta daina amfani, ruwan kuma ba a zubar ba. Gobe da azahar ma'aikatan Challawa da Sharaɗa za su fito hutu, su ce a sa musu ganda biyu a kan shinkafa.

Mas'uda ta ajiye ledar maganin da ba mai sha. Ta ce wa Sa'adiya ta shiga ɗakinta ta rufo ƙofa, ta yi aikin makaranta, kada ta kuskura ta fito. Ta tsaya har ta ji ƙarar sakata. Sannan ta cire zobenta da agogo, ta naɗe hannun rigar da ta ɗinka don wannan rana, ta ɗaga labulen buhun ta shiga.